Tsiron Tauraro: Daga Ina Sunan Astrophytum Ya Fito?

Yau za mu leƙa busassun filayen ƙasar Meksiko, inda wani ɗan tsiro yake zaune cikin tsakuwa, amma sunansa daga harshen Girka aka ɗebo shi. Ana ce masa Astrophytum.

Ɗan dangin kaktus ne, wato tsirran nan masu tara ruwa a jikinsu don jure fari. Kada a ɗauka tinya ce irin tamu. Kama ce kawai, dangi kowa da nasa.

Kalmomi biyu aka haɗa: "astron", wato tauraro, da "phyton", wato tsiro. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Charles Lemaire, shi ya raɗa sunan a 1839. In ka tsaya a kan tsiron ka dube shi daga sama, za ka ga dalili. Jikinsa a dunƙule yake, galibi da kusurwoyi biyar da suka taso daga tsakiya suka bazu, sak tauraron da yara ke zanawa. Ba ganye, ba ƙaya. Fatarsa cike take da fararen ɗigo-ɗigo, waɗanda ƙananan curin gashi ne, shi ya sa Lemaire ya kira wannan iri "myriostigma", mai ɗigo ba iyaka. Furensa rawaya ne, yana fitowa a tsakiyar kai.

To, Girkawan dā ba su taɓa ganin wannan tsiro ba, don tushen dangin kaktus nahiyar Amurka ne. Ita kanta kalmar "kaktos", wani masanin Girka na dā, Theophrastus, ya yi amfani da ita ne ga wani tsiro mai ƙaya na tsibirin Sisili, sai daga baya masanin tsirrai Carl Linnaeus ya aro ta ya raɗa wa waɗannan tsirrai. Malaman Turai sun riƙi Girkanci da Latin a matsayin harsunan ilimi, domin tsiro ya zama da suna ɗaya a ko'ina.

Wannan kuwa yana da amfani har yau. Ɗan'uwan myriostigma, Astrophytum asterias na kudancin Texas da arewa maso gabashin Meksiko, ya yi ƙaranci saboda share daji don noma da masu tono shi su sayar. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, ta hana fataucin na dajin tsakanin ƙasashe, kuma da wannan suna ɗaya jami'in kwastan a Japan ko Jamus yake gane shi a takarda.