Abinci Mai Tsabta Ba Sai Mai Kuɗi Ba: Jawabi Ga Jama'ar Bauchi



Abin da ya tara mu yau magana ce a kan abincin da muke ci, da yadda talaka zai ciyar da iyalinsa da abinci mai tsabta ba tare da ya ci bashi ba. A 'yan shekarun nan wata kalma ta shigo bakin mutanen birni, watau "oganik". Ma'anarta ita ce abincin da aka noma ba da takin zamani ba, ba kuma da maganin feshi na kamfani ba, sai da takin gida da dabarun da ba su da sinadari. A ƙasashen Turai da Amurka akwai dokoki a kan haka. Alal misali, a Amurka sai gona ta shekara 3 ba a sa mata irin waɗannan sinadarai ba kafin a yarda a kira amfaninta da wannan suna. Saboda wahalar bin dokokin, irin wannan abinci yakan fi tsada a can. To, jin haka ya sa waɗansu kurakuran fahimta suka yaɗu a tsakaninmu. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskure na farko shi ne zaton cewa wannan abinci na attajirai ne. Wanda duk ya zaga Kasuwar Wunti ko Kasuwar Muda Lawal da damina zai ga tulin rama, da yakuwa, da tafasa, da lalo, da zogale, ana sayar da su kashi-kashi a kan kuɗi kaɗan. Tafasa ma ba shuka ta ake yi ba, a daji take fitowa. Kuka da tsamiya da ɗorawar da ake yin daddawa da ita, itatuwa ne da ba wanda ke zuba musu taki ko feshi. Haka nan magarya, da kanya, da ɗinya, da goruba, da aduwa. Ga kuma acha da ake nomawa a yankin Tafawa Ɓalewa da Bogoro, wadda takan yi ko da a ƙasa marar ƙarfi. Ashe abin da mutumin Landan ke biya da tsada, da yawa daga cikin irinsa yana cikin miyar talakan Bauchi tun kaka da kakanni. Abin takaici, waɗansunmu sun ɗauki cinsa alamar talauci.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa abincin oganik ya fi sauran gina jiki nesa ba kusa ba. A shekarar 1972 ko 2022, wake wake ne. A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba bincike fiye da 200 da aka yi a kan wannan batu, ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa ya fi gina jiki ba. Abin da suka gani shi ne, ragowar maganin feshi ta fi ƙaranci a jikinsa. Saboda haka kada magidanci ya hana yaransa tumatir ko karas don an noma su da takin zamani. Takin zamani abincin shuka ne. In an sa shi daidai gwargwado, ba ya mai da masara guba. Yaron da bai sami wake da ganye da gyaɗa ba, shi ne ke cikin hatsarin tamowa.

Kuskure na uku shi ne zaton cewa duk abin da ya fito daga ƙauye tsarkakakke ne. Yanzu da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga mai goyon tankin feshi ba. Mafi muni ma shi ne abin da ke faruwa bayan girbi. Waɗansu masu ajiya sukan yayyafa wa wake fiya-fiya ko Sniper don kada ƙwaro ya ci, alhali kuwa sinadarin da ke cikinsu ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. Wannan ɗabi'a ta jawo mana kunya da hasara, gama a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar wannan sinadari da aka samu a cikinsa. A 2019 kuma Hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Haka nan akwai masu nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid, irin wanda masu walda ke aiki da shi, abin da hukumar ta sha yin kashedi a kansa. Irin wannan kaya kyan ɗan maciji gare shi. Waken da ya kai bazara fes, ba huda ko ɗaya, ga kuma wari kamar na magani, ya cancanci a tambayi yadda aka ajiye shi. Waken da ke da 'yan ƙwari kaɗan kuwa, a shanya, a tsince, a wanke, a dafa.

Kuskure na huɗu shi ne zaton cewa abin da ba a sa wa sinadari ba, ba ya cutarwa. A 2011 mutane fiye da 50 sun mutu a Turai, galibinsu a Jamus, bayan cin ɗanyen tsiron hulba daga wata gonar oganik, saboda ƙwayar cuta da ke jikinsa. Kashin shanu ko na kaji da bai ruɓe ba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Shi ya sa dokar Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa. Haka nan lambun da ake ban ruwa da ruwan kwata. Mutanen wannan gari ba su manta da amai da gudawar 2021 ba, lokacin da Jihar Bauchi ta kasance cikin jihohin da suka fi shan wahala. Wata gubar kuma funfuna ce ke haifar da ita a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 ta hallaka mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara.

Idan muka haɗa waɗannan duka, za mu ga cewa yawancin hatsarin yana shiga abincinmu ne tsakanin gona da tukunya, kuma tsare shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ga shawarwari.

Na ɗaya, a sayi abu a lokacinsa. Da kaka wake da gero da gyaɗa sukan yi araha, kuma ba a riga an sa musu maganin ajiya ba. In kuɗin mutum ɗaya bai kai buhu ba, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa hannu su saya su raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a ajiye ba da guba ba. A shanya wake ya bushe ƙarau, a cika jarka ko duro mai tsabta da shi har baki, a rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro yana numfashi kamar kowa, in iska ta ƙare sai ya mutu. Da wannan hikima aka yi buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Amma kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki. Dabarar iyayenmu ta gauraya wake da toka ko rairayi mai laushi ita ma tana nan da amfaninta.

Na uku, a shanya rarar ganye. Kuɓewa da tumatir da tattasai, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen titi ba inda ƙura da awaki ke bi. Zogale kuwa a inuwa ya kamata ya bushe, don rana tana rage amfaninsa.

Na huɗu, a yi ɗan lambu a gida. Dattawan da ke nan suna tune da shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da aka kira kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne. Wanda ba shi da fili, tsohon buhu ko bokiti ya isa a shuka alayyafo da yakuwa. Ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki, a tara a rami a bar su su ruɓe sarai har su koma baƙar ƙasa kafin a zuba. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya kuma yana korar ƙwari da yawa.

Na biyar, a wanke. Latas da kabeji da karas da duk abin da za a ci ɗanye, a wanke su da ruwa mai tsabta sau da yawa, a kuma wanke hannu da sabulu. Gyaɗa ko masarar da ta canja launi, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada ma a ba kaji.

Ga manoma kuma, wanda tilas ta sa ya yi feshi, ya sayi maganin da ke da lambar rajistar NAFDAC, ya bi awon da aka rubuta, ya kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya girbe. In bai iya karatu ba, ya nemi malamin gona. 'Yan kasuwa su tuna cewa waken da aka zuba wa guba ba a san tukunyar da zai faɗa ba, mai yiwuwa ta gidan ɗan'uwanka ce.

Jama'a, rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin jarka ɗaya bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Ina roƙon wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba, musamman iyaye mata, waɗanda tukunyar gida ke hannunsu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.