Fitsarin Kyanwa A Cikin Gida: Hukuncinsa, Dalilansa Da Maganinsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum da dabba, Ya ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan lacca shi ne wata tambaya da wani ɗan'uwa ya kawo mana. Ya ce yana da muzuru da ya shekara biyu a gidansa yana kama masa ɓeraye ba tare da wata matsala ba, sai ga shi tun da ya ƙara aure amarya ta tare, muzurun ya koma yin fitsari a ƙofar ɗakinta, a jikin labule, har ma a kan daddumar salla. An ce masa wannan sammu ne, an kuma nuna uwargida da yatsa. Wasu sun ba shi shawara ya je a duba masa, wasu kuwa sun ce ya ɗaure dabbar a buhu ya jefar. Wataƙila wani ya ga wannan ƙaramar magana ce. To amma a cikinta akwai ingancin salla, akwai tauhidi, akwai haƙƙin dabba, akwai kuma mutuncin baiwar Allah da ake zargi ba tare da hujja ba.

Matsayin kyanwa a Musulunci

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, haka nan Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah, cewa Kabshatu 'yar Ka'abu ɗan Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada (R.A.) ruwan alwala, sai kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Daga nan malamai suka fahimci cewa jikinta da yawunta da sauran ruwan da ta sha duk masu tsarki ne.

Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita ta nema da kanta. Duk mai niyyar ɗaure dabba a buhu ya jefar, ya tsaya ya auna kansa da wannan hadisi. Sanannen abu ne kuma cewa babban sahabi Abu Huraira (R.A.) ya sami wannan alkunya ne saboda wata 'yar kyanwa da yake ɗauka.

Sai dai wajibi ne mu tace abin da muke jingina wa Annabi (S.A.W.). Labarin da ake yawo da shi cewa ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi kyanwar da ke barci a kai, bai tabbata a littattafan hadisi ba. Maganar da ke sanya son kyanwa cikin imani kuwa, malaman hadisi sun lissafa ta cikin ƙagaggun hadisai. Abin da ya inganta ya wadatar da mu.

Hukuncin fitsarinta

Tsarkin yawu bai nuna tsarkin fitsari ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa fitsari da kashin kyanwa najasa ne, kuma wannan shi ne mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, domin ba ta cikin dabbobin da aka halatta cin namansu kai tsaye, kamar tumaki da awaki. Saboda haka idan fitsarin ya taɓa tufafi ko dadduma, sai a wanke wurin da ruwa mai tsarki har launi da wari su gushe. Idan a ƙasa ne, a kwarara ruwa mai yawa a kai, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya yi umurni a yi da fitsarin baƙauyen da ya yi bawali a masallacin Madina, a hadisin Anas (R.A.). Idan mutum yana shakka ko fitsarin ya taɓa tufarsa ko bai taɓa ba, malaman Malikiyya sun ce ya yi yayyafi a kanta. Wanda kuwa bai ga alama ba, bai ji wari ba, kada ya buɗe wa kansa ƙofar waswasi, domin asalin abubuwa tsarki ne.

Camfi da zato

Dabba ba mukallafa ba ce. Ba ta san kishi irin na mutane ba, ba ta ƙulla gaba, ba a aiken ta. Cewa baƙar mage mayya ce, ko fitsarinta a ƙofa alamar asiri ne, wannan camfi ne da muka gada daga maguzanci, kuma Annabi (S.A.W.) ya sanya camfi cikin shirka, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Ibnu Mas'ud (R.A.). Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Ku duba girman asarar: mutum ya tashi neman tsarkin daddumarsa, ya dawo ya rasa ladan sallar kanta. Game da uwargida kuwa, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta umurce mu da nisantar yawan zato, ta kuma bayyana cewa wani zaton zunubi ne. Gidaje nawa suka watse a kan zargin da ba shi da tushe?

Dalilan da likitocin dabbobi suka gano

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kamar yadda binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a shekarar 2007 ya nuna. Wannan dabba ita kaɗai take farauta, kowace da yankinta, kuma da wari take shata iyaka. Idan kun ga kyanwa tana goga kumatunta a jikin kujera ko ƙafar mai gida, alamar natsuwa take ajiyewa. Idan hankalinta ya tashi, sai ta koma ga alama mafi ƙarfi, wato fitsari.

A nan sai mu rarrabe abu biyu. Na farko shi ne fesawa: dabbar tana tsaye, ta ɗaga wutsiya tana karkarwa, ta tsarta ɗan kaɗan a jikin bango, ƙofa ko labule. Wannan saƙo ne, kuma ya fi yawa ga muzurun da ba a fiɗiye ba, da macen da ke neman barbara. Na biyu shi ne ta tsuguna ta yi fitsari mai yawa a kan katifa ko shimfiɗa. Wannan yakan nuna ciwo, ko kuma ba ta gamsu da wurin da aka tanadar mata ba.

Abubuwan da ke tayar mata da hankali sanannu ne a gidajenmu: ƙaura zuwa sabon gida, taron biki ko suna, haihuwa, yaran da ke bin ta da jifa, baƙon muzuru da ke haurowa ta katanga, da sababbin kaya masu baƙon wari. Ku dubi halin mai tambayarmu. An yi fenti, an jera gado da kujeru da labule, an turara ɗaki, baƙi sun cika gida kwana da kwanaki. Muzurun ya wayi gari wani sashe na yankinsa ya daina warin da ya sani, sai ya nufi ƙofar ɗakin ya maido da alamarsa. Wannan shi ne sammun da ake faɗa.

Game da danniya, da an ɗauka cewa kyanwa tana yin haka ne don ta mulki mai gida. Masana halayyar dabbobi a yau sun bar wannan fahimta. Abin da ke faruwa, musamman inda kyanwa ta wuce ɗaya, takara ce a kan abinci, ruwa, makwanci da wurin bawali. Mai ƙarfi takan kwanta a bakin hanya ta zuba wa 'yar'uwarta ido, ba faɗa ba hayaniya, ita kuwa mai rauni ta kasa wucewa, har ta yi a inda ta samu. Sau da yawa wadda ake duka ita ce wadda aka zalunta.

Akwai kuma ciwo: kumburin mafitsara, wanda rashin natsuwa ke tayarwa, tsakuwa a mafitsara, ciwon ƙoda da ciwon sukari, da ciwon gaɓoɓi ga wadda ta tsufa. Muna jan hankali a kan abu ɗaya. Idan kun ga muzuru yana yawan tsugunawa yana nishi, yana kuka, fitsari ba ya fita ko yana fita da jini, to wataƙila hanyar fitsarinsa ta toshe, kuma hakan yana iya kashe shi cikin kwana 2 zuwa 3. A gaggauta kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Magani

Na ɗaya, a fara da likitan dabbobi, domin babu dabarar da za ta yi aiki matuƙar akwai ciwo. Kada a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, guba ne gare ta. Haka nan magungunan wanke ƙasa masu sinadarin fenol suna cutar da ita. A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wannan kariya ce ga iyali baki ɗaya.

Na biyu, a tanadar mata wuri. A gidajen da, tsakar gida ƙasa ce, kyanwa takan tona ta binne. Yanzu mun shafe ko'ina da siminti da tayil, sannan muna kulle ta cikin ɗaki da dare. A sami baho mai faɗi a zuba yashi mai laushi, a ajiye a wuri mai shiru, nesa da abincinta. Ƙa'idar likitoci ita ce kowace kyanwa da nata, a ƙara ɗaya a kai: masu biyu su ajiye uku, a wurare dabam-dabam. A kwashe ƙazantar kullum, a sauya yashin duk mako. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, saboda wata ƙwayar cuta da ake samu a kashin kyanwa mai iya cutar da ɗan tayi.

Na uku, a raba musu kwanon abinci da na ruwa, a bar musu wurin hawa da wurin ɓuya, a kuma daina barin sauran abinci a tsakar gida da dare, domin shi ke jawo baƙin muzurai.

Na huɗu, a wanke inda ta ɓata da garin sabulu da ruwa mai yawa, a shanya a rana. Hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma muddin tana jin warin za ta koma. A guji abin wanki mai amoniya, domin warinsa ya yi kama da na fitsari. A naɗe dadduma bayan salla a rataye, a rufe ɗakin da ba a so ta shiga.

Na biyar, fiɗiya a hannun likita, tare da allurar kashe zafi. Kimanin muzuru 9 cikin 10 suna daina fesawa ko su rage ƙwarai bayan an yi musu. Malamai sun yi saɓani game da fiɗiye dabbobi, amma da yawansu sun halatta idan akwai maslaha, suna kafa hujja da ruwayar Ahmad da Ibnu Majah cewa Annabi (S.A.W.) ya yi layya da fiɗiyayyun raguna biyu. Shaihu Ibnu Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi fatawar cewa babu laifi a hana kyanwoyi haihuwa idan sun yi yawa suna cutarwa, matuƙar aikin ba zai cutar da su ba.

Na shida, a bar duka, da tsawa, da goga hancinta a cikin fitsari. Ba ta haɗa dukan da abin da ta yi ɗazu. Abin da take koya kawai shi ne tsoron mai gida, tsoro kuwa shi ne asalin matsalar. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya ba da ita ga wanda zai riƙe ta da amana.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Nasiharmu ga mai tambaya ita ce ya wanke daddumarsa, ya kai muzurunsa asibiti, ya nisanci bokaye, sannan ya tara iyalinsa ya wanke uwargidansa daga zargi a gaban waɗanda aka zarge ta a gabansu, ya kuma nemi gafararta. Mu kuma mu hana 'ya'yanmu jifan dabbobi, domin yaron da ya saba da cutar da marar baki, zuciyarsa takan bushe ga mai baki.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan. Allah Ya tsare mana tauhidinmu, Ya karɓi sallolinmu, Ya sanya tausayi a zukatanmu.