Jawabin da Aka Gabatar a Taron 'Yan Asalin Misau da Katagum Mazauna Gadarif Kan Ziyarar Duwatsun Habasha

 

An umarce mu da mu ba da labarin ziyarar da muka kai Habasha a 2019, kafin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. To, ga abin da ya sawwaƙa.

Daga nan Gadarif muka shiga mota zuwa Gallabat, muka ƙetara gada zuwa Metema. Wannan iyaka ba baƙuwa ba ce ga mutanen yamma, domin tun kafin Turawa Takari ne ke riƙe da Gallabat da kasuwarta. A nan kuma aka gwabza tsakanin Mahadiyya da Habashawa a 1889, har Sarki Yohanis na Huɗu ya rasa ransa. Muka hau tudu zuwa Gondar, daga can sai Aksum da Adwa. Hanyar duk hawa da gangara ce, ga sanyi, mu kuwa mutanen fili ne.

Abin da ya kai mu shi ne Debre Damo, wurin ruhubanawan Kirista da ke bisa wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai a ƙasar Tigirai, yamma da Adigrat. Tun ƙarni na 6 aka kafa shi, wato ya girmi Hijirar Manzon Allah (SAW). Suna danganta kafuwarsa ga wani waliyinsu, Abuna Aregawi. Babu matakala. Igiyar fata ake sako maka daga sama, tsawon wajen mita 15, a ɗaura maka wata a ƙugu, kana hawa ana janka. Mata ba sa hawa. Wasu daga cikinmu da suka ɗaga kai suka dubi igiyar sai suka ce za su tsare mana takalma, kuma ba mu ga laifinsu ba.

A sama akwai tsohuwar majami'a da aka gina da dutse da katako jere bisa jere, da ɗakunan ruhubanawa, da ramukan da aka sassaƙa a jikin dutsen don tara ruwan sama. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne littattafansu. A kan fata aka rubuta su da hannu, da tawada baƙa da ja, cikin harshen Gi'iz wanda ba a magana da shi a kasuwa sai a wurin ibada. Mu da muka tashi da allo da tawada da gafaka, sai muka ga kamar mun san wannan aiki. Addini dabam, amma yadda suke riƙon takarda da ladabi ya tuna mana da tsofaffin alarammominmu.

Wani zai ce, me ya kai Musulmi can? Amsar tana gaba kaɗan, a garin Nagash kusa da Wukro, inda muka sauka bayan mun wuce Adigrat. Ƙasar nan ce ta karɓi Sahabbai a hijirar farko, wajen shekara ta 615, lokacin da Ƙuraishawa suka matsa musu. Sarkinta Najashi Kirista ne a sa'ad da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, ya kuma ƙi miƙa su ga jakadun Makka. A Nagash akwai masallaci da kaburburan da mutanen wurin ke dangantawa ga Najashi da wasu Sahabbai. Mun same shi fes, don Turkiyya ta kammala gyaransa a 2018. Muka yi salla, muka yi addu'a.

Jama'a, mu ma 'ya'yan hijira ne. Sarkin Misau Ahmadu ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903, bayan yaƙin ya nausa gabas da jama'arsa, kamar yadda Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi. Wasu kakanninmu kuma niyyar hajji ce ta fito da su daga Azare da Katagum da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka yi gona, suka zauna. Ba su zo hannu sake ba. Sun zo da Alƙur'anai rubutun hannu, da littattafan fiƙihu, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da takardun asali. Ina suke yanzu? Galibi suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, gara tana ci, jikokin kuma ba sa iya karanta ajamin Hausa ko Fulatanci.

Kada kuma mu ɗauka dutse ko katanga na hana ɓarna. Yaƙin Tigirai da ya ɓarke a Nuwamba 2020 ya taɓa masallacin Nagash, harsashi ya fasa ƙubbarsa, aka kuma ba da rahoton harbi da wasoso a Debre Damo duk da igiyarsa. Dubun dubatar mutanen ƙasar suka gudo ta Hamdayet, aka sauke da yawansu a Um Rakuba, nan cikin jiharmu. A Afrilu 2023 kuma wuta ta kama Hartum, sai ga mutanen Sudan suna tururuwa ta Metema, hanyar da muka bi don ziyara. Wanda ya gudu da yara a hannu ba ya tuna akwati.

Saboda haka muna roƙon shugabanni a naɗa mutum uku ko huɗu, a sa malami a cikinsu, su bi gida-gida. Ba za a karɓi littafin kowa ba. Za a ɗauki hoton kowane shafi da waya a gaban mai shi, a rubuta sunan littafin da wanda ya zo da shi da garin da ya fito, a ajiye kwafi a nan, a aika wani ga 'yan'uwa a Misau. A fara da gidajen dattawa, tun suna nan su faɗa mana wane ne ya rubuta me.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.