Cefanen mai ƙaramin ƙarfi: jawabi ga jama'ar Afala

Mai gari, ranka ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari, kun bar turmi da murhu kun zo. Samari na can baya, ku matso kusa, akwai rabonku a cikin maganar nan.

Zancen cefane ya tara mu. Na san wani zai ce a ransa: mutumin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, wane zaɓi ya rage masa a kasuwa? Ban raina wannan tambaya ba. Sai dai ku duba, mai hali in ya yi cefanen banza yau, gobe ya gyara. Wanda jaka guda ce a aljihunsa, in ta tafi inda bai dace ba, ta tafi ke nan. Saboda haka talaka ya fi kowa bukatar sanin inda kowace dala za ta faɗa.

Dattawan da ke nan sun ga yunwar 1984. Mu duka mun ga ta 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin 2004, jihar Tawa kuma tana cikin inda abin ya fi tsanani. Tun daga lokacin likitoci ke nanata mana abu guda: tamowa ba ta tsaya ga gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Yaro yana iya shan hura safe da yamma, cikinsa ya cika, amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba. Binciken da ake yi a Nijar shekara da shekaru yana nuna fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Kusan rabin matan ƙasar nan kuma suna fama da ƙarancin jini.

To, mu fara da wake, don a nan ne muka fi cutar kanmu. Da kaka, wake ne abin da muke fara kaiwa kasuwa. Ƴan kasuwa su saye shi da araha, su loda a mota, ya bi ta Ƙonni ya shige Najeriya. In bazara ta yi, mu ɗauki kuɗi mu sayo taliya da shinkafar waje, a zuba mai da yaji, a ce yau gida an ci daɗi. Daɗi kam an ci. Amma a awon masana, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne. Wannan ya ninka na hatsi sau biyu, ya ninka na farar shinkafa sau uku. Hatsin namu ma ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wato abin da ya fi amfani muke sayarwa lokacin da ya fi araha, mu sayo wanda bai kai shi ba lokacin da ya fi tsada.

Za ku ce ƙwari ne ke hana ajiya, kuma gaskiya ne. Amma akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu binciken noma na INRAN a Maraɗi kuma suka yi aiki a kansa. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowane riɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai murfin kirki da aka cika har baki tana wannan aiki. Ban ce kada a sayar ba, akwai bashi, akwai biki, akwai lanho. Na ce a fara ware na gida tukuna, a sa masa suna na yara, kada a taɓa.

Yanzu maza, ku yi mini haƙuri, na zo kanku. Kowa ya lissafa a ransa abin da ganyen shayi da sukari da gawayi ke ci masa a mako, wasu har da taba. Ni ma ina sha, kuma ban zo raba Ba'adare da butarsa ba. Amma kuɗin dahuwa ɗaya a rana, in aka tara, ya isa ƙuli-ƙuli da nono da busasshen kifi su shiga gida ran kasuwa. Ga wani abin da ba kowa ya sani ba: shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙara jini. Mai ciki da mai goyo su bari sai an jima da ci. Tumatir ɗanye ko ɗan lemun tsami a abinci kuwa taimaka wa jiki yake ya ɗauka.

Dunƙulen magi, iyayena, yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, mu kuwa sai mu haɗa magi da farin magi da gishiri a tukunya guda, hawan jini kuma ga shi ya shigo ƙauye. Ku rage, ku mai da daudawar batso wurinta. Gishirin da za ku saya kuma ku nemi mai aidin, shi ke hana maƙoƙo, ya taimaki ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Ganye ba sai na daɗe a kansa ba, kun fi ni sani. Tafasa, yakuwa, gasaya, zogale, kuka, ganyen wake, a tsinka da damana a shanya a inuwa, don rana tana ƙone amfaninsa. Abin da nake so mu bari shi ne jin kunya. Anza da aduwa da jiga muna kiransu abincin yunwa, alhali a Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa anza da aduwa ya sayar wa mutanen birni. Anza dai a jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Fara nama ce, cukun Tawa sananne ne har Yamai, kifin Tabalak kuma ko ɗan kaɗan aka daka a miya ya yi aiki. Gujiyar da ta yi hunhuna kuwa a zubar, ko kyauta aka ba ku, gubarta hanta take ci.

Jariri, nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Daga nan a fara kunu, amma mai kauri, wanda ba ya tsiyaya daga cokali, a sa garin ƙuli-ƙuli ko na soyayyen wake, da ɗan mai, da garin zogale. A ba shi kwanonsa daban, don in ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu an suɗe kwano. Plumpy'Nut da ake bayarwa a likita magani ne na yaron da aka auna. Mai sayar da shi a tebur da mai saye duka sun ci haƙƙin mara lafiya.

Ƴan'uwanmu da ke Abijan da Libiya da Aljeriya, ku isar musu da saƙo: kuɗin da aka aiko da kaka ya fi wanda aka aiko da damana sayen tiya mai yawa. Mata masu asusu, tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna ana iya haɗa ƙarfi. Ku sari wake da gujiya tare lokacin araha ku ajiye. In an zo da hatsin gwamnati na OPVN mai rahusa, rarar da aka samu ta tafi ga mahaɗin miya.

Roƙona biyu ne. Kafin kasuwa mai zuwa, maigida ya zauna da uwargida su tsara cefane tare, don ita ta san abin da tukunya ta rasa. Sannan duk mai yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ta kawo shi a auna damtsensa kafin mu watse. Wanda awonsa ya faɗa ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita yau, kada a jira gobe.