Tramol a gonakinmu: laccar da aka gabatar a gaban jama'ar Kiyeshe

 

In aka ce shaye-shaye, hankalinmu yakan tafi ga mai tangaɗi da giya, ko mai busa wiwi a bayan gari. Su ma suna nan. Amma abin da ya fi cin matasan Arewa yau ƙwaya ce ƙarama, tramol, kuma yawancin masu haɗiyarta ba zauna-gari-banza ba ne. Ɗan ƙwadago ne da ke son gama noman fari kafin ciyawa ta rufe hatsi. Ɗan kabu-kabu ne mai jigila tsakanin Kiyeshe da Dogon Dutsi. Ɗan ci-rani ne da ya koyo ta wajen dako a Najeriya, ya dawo da ita fadarsu, ana jefa ta cikin shayi.

Asalinta maganin zafin ciwo ce, dangin kodin. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya yarda babban mutum ya wuce 400 a yini. Wadda ake fasa-ƙwabrinta, galibi daga Indiya, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da 225 ko 250. Biyu kawai sun haura iyaka, alhali akwai yaranmu da biyun nan karin kumallonsu ne.

Ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Toshe gajiya take yi, jiki yana ta lalacewa mai shi bai ji ba. Daga nan sai rama, sai rashin cin abinci, sai faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau da yawa a nan sai a ce iska ce ta buge yaro, a yi ta hayaƙi da rubutu, ƙwayar kuwa tana aljihunsa. In ya haɗa ta da giya, numfashi na iya tsayawa cikin barci.

Doka kam akwai ta. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, akwai hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucinsu, kuma a watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a Yamai. Sai dai jandarma ba ya kwana a gonar kowa.

Nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma ita ce ta fi damuna. Mai gona da ya ga yaro ya yi aikin mutum uku bai huta ba, ya yaba masa, gobe ya sake nemansa, ya san abin da ke ciki. Mai tallar magani a faranti ranar kasuwa ɗan wani ne a cikinmu, mun san gidansu.

Iyaye mata, ku ne kuke fara gani: tuwo ya kwana ba a taɓa ba, ido ya canza, faɗa ba dalili. Kada kunya ta sa ku rufe. Kada kuma a ɗaure yaro a ɗaki a ce ya bari yau-yau, domin jikin da ya saba in an yanke masa farat ɗaya, zufa da ciwon gaɓɓai da rashin barci za su mai da shi gare ta. A hankali ake rage ta, a hannun ma'aikacin lafiya. Ku kai shi likitar nan Kiyeshe, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibitin Dogon Dutsi, kuma ku gaya musu gaskiyar ƙwaya nawa yake sha a yini.