Tafiya Ita Ce Sana'armu: Jawabi Ga Taron Makiyaya A Tandjouaré

Mun gode wa waɗanda suka taso daga Dapaong da Sokodé.

Jama'a, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe a arewa, dole garke ya gangara kudu neman ruwa da kiwo. Kakanninmu fatake ma ta Mango suka riƙa bi zuwa Salaga sayen goro. Saniyar da aka saya a Cinkassé tana ciyar da mai kora, da direba, da dillali, da mahauci a Lome. In an tare ta a hanya, duk waɗannan gidaje sun kwana da yunwa.

Wannan tafiya tana da doka. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ba biza har kwana 90. A 1998 a Abuja suka fitar da takardar ƙetare iyaka da garke. A cikinta ake rubuta yawan shanu, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Sharaɗi: a ƙetare da rana, makiyayi ɗaya ga shanu 50, aƙalla mutum 2 tare da garke, kowa ya kai shekara 18.

Amma hanya tana ƙuntata. Benin ta hana baƙin garke shiga a ƙarshen 2019. A 2022 Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes saboda hare-haren 'yan bindiga. A Janairun 2025 Burkina Faso, Mali da Nijar suka fita daga CEDEAO. Burtali kuma, gonaki na cinye shi.

Don haka muna roƙonku abu uku. Kada kowa ya tashi ba takardar shaida da ta allura. Kada a tura yaro shi kaɗai da garke. Kafin ku sauka, ku gai da sarkin gari, ku daidaita da manoman Moba a kan mashaya da taki. In shanu sun yi ɓarna, a biya kafin magana ta yi tsami.

Mu kuma za mu ci gaba da neman hukuma ta shata burtali, ta kafa masa alama.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci dukiyarmu. Amin.