Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Jam'iyyun Ma'aikata Na 1963 Da 1964



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana labarin waɗansu ƙananan jam'iyyu biyu da suka tsiro daga cikin ƙungiyoyin ma'aikata a Nijeriya, da dalilin da ya hana su yin ƙarfi.

A shekarar 1963 Dokta Tunji Otegbeye da Wahab Goodluck suka kafa jam'iyyar ma'aikata da manoma, wadda ake kira SWAFP. Goodluck shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata ta NTUC, mai karkata wajen Rasha. A 1964 kuma Michael Imoudu, ma'aikacin reluwe wanda ya yi suna tun yajin aikin 1945, ya kafa tasa jam'iyyar Leba. Nufinsu duka shi ne lebura ya sami wakili nasa na kansa a Majalisa.

Ga abin da ya ba su ƙwarin guiwa. A ƙarshen 1963 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Morgan domin ya duba albashi. Kwamitin ya ba da shawara a riƙa biyan lebura a Ikko fam 12 a wata. Da Gwamnati ta yi jinkiri, sai ƙungiyoyin suka haɗa kai, suka shiga yajin aiki ran 1 ga Yuni, 1964. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidajen waya suka rufe, daga Ikko har Kaduna da Kano. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya umarta a koma aiki, ba a koma ba sai bayan kusan mako biyu. A ƙarshe aka daidaita a kan fam 10.

Shugabannin suka zaci wanda ya bi su yaji zai bi su rumfar zaɓe. Amma a zaɓen 30 ga Disamba, 1964, ko kujera ɗaya ba su samu ba cikin 312.

Dalilai uku ne. Na fari, masu cin albashi kaɗan ne ƙwarai in an gwada su da manoma, jam'iyyun kuwa ba su da reshe a ƙauyuka. Na biyu, kan shugabannin ya rabu: babbar ƙungiyar ULC ta Alhaji Adebola ba ta bi su ba, su biyun ma kowa ya kama gabansa. Na uku, ma'aikacin da ya yi yaji domin abincinsa, ranar zaɓe jam'iyyar jiharsa ya bi, ko NPC ko NCNC ko wata. A watan Mayu 1966 mulkin soja ya soke jam'iyyu duka, har da su.

To, kada Hakimi ya ɗauka faɗuwar jam'iyyar ma'aikata ta nuna kukansu ba shi da tushe. Mutanen da suka kasa cin kujera su ne suka tsai da ƙasa cik. Saboda haka in leburori a gunduma suka koka a kan lada ko tsadar hatsi, wajibi ne malami ya rubuta kukan yadda aka faɗe shi, Hakimi kuma ya isar wa Sarki da wuri, gama rigakafi ya fi magani.